Shawarwarin da aka tattara kan sharar leda da roba a Katsina

A tattaunawar da wasu 'yan kasuwa, masu gidajen ruwan leda da 'yan jari-bola suka yi a birnin Katsina, kusan kowa ya yarda cewa ledar ruwa ita ce babbar matsala, domin ita ke toshe magudanai da damina, kuma ita awaki da shanu ke haɗiya har ta kashe su.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a sanya wa ledar daraja. 'Yan jari-bola sun bayyana cewa suna tsintar gorar roba da ƙarfe ne saboda akwai mai saye a kan sikeli, amma ledar ruwa ba ta da nauyi, sai mutum ya cika buhu kafin ya ga abin kirki. Saboda haka aka nemi gwamnati ta wajabta wa masu sarrafa ruwan su buɗe wuraren sayen ledarsu a unguwanni da bakin kasuwanni, su kuma ɗauki nauyin kai ta masana'antar narkarwa. A ganina, wannan ce shawarar da za ta fi saurin aiki.

Batun haramtawa ya raba kan jama'a. Wasu sun kawo misalin Ruwanda da ta hana jakar leda a 2008, da Kenya a 2017, wasu kuwa suka ce sai an fara wadata mutane da ruwan famfo da abin da zai maye gurbinta.

An kuma roƙi magidanta su koma zuwa cefane da kwando ko jakar yadi, su daina ƙona leda a ƙofar gida, domin hayaƙinta yana cutar da huhu.