Ma'aunin tsawon yara da ake naɗewa: abin da masu tattaunawa suka tsayar

A tattaunawar da aka yi kan yadda ake haɗa ma'aunin tsawon yara na ratayewa a bango, yawanci sun fi son kyalle mai kauri maimakon katako, don ana naɗe shi a jefa a jaka ranar tashi daga gidan haya. Tsawonsa santimita 150, faɗi 20. A wanke shi, a goge kafin a ja ko layi ɗaya, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, lambobin su ɓaci. Tela ya yi masa kalmasa sama da ƙasa, a zura siririyar sanda a kowacce. Ta ƙasa ce ke miƙar da shi.

An yi doguwar muhawara kan tef. Na tela yana miƙewa in ya tsufa, don haka da tef ɗin ƙarfe na kafinta za a ja layukan, kowane santimita, da alƙalamin maka marar gogewa.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen ratayewa. Idan layin farko 30 ne, dole ya zauna santimita 30 daga daɓe a kowane gida. A rubuta tsayin ƙusa a bayan kyallen.

Lokacin awo, da safe ya fi, saboda jiki kan ɗan ragu zuwa yamma. A cire takalmi da hula, a lura da tudun kitso. Dunduniya ta taɓa bango, a ɗora littafi mai kwali a kai, a rubuta kwanan wata. Wanda bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi, kuma awon kwance kan fi na tsaye da kusan santimita 0.7.