Dan Allah yaya ake horar da likitan da ke gyaran karayar fuska?

YarGwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya ga likitocin da ke nan musamman na ɓangaren tiyatar baki da fuska. Ni ɗalibar likitancin haƙori ce a BUK ina shekarar ƙarshe in sha Allah, kuma tunda muka fara shiga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano zuciyata ta karkata ga wannan ɓangaren. Abin da nake son sani, in mutum ya gama yaya hanyar take, shekara nawa ce, sannan ta yaya ake koya wa mutum gane karaya a fuska? Don ni abin da ke ba ni tsoro kenan, a littafi komai a fili yake an ja layi an saka suna, amma in aka kawo mutum daga hatsari fuska ta kumbura ido ya rufe jini ko'ina, wallahi ba abin da nake gani sai kumburi. Ga shi a gida ana ta ce min ba aikin mace ba ne saboda doguwar tsayuwa da kwanan asibiti. A ba ni shawara tsakani da Allah.

Likitan_Muƙamuƙi:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Hanyar dai sananniya ce. Kina gamawa sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa, sai ki zauna jarrabawar share fage da ake kira firamari ta ɗaya daga kwalejoji biyun nan, ko ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, da ita za ki nemi gurbin rasidensi, wato horon ƙwarewa, a asibitin koyarwa. A shekarun farko za a zagaya da ke tiyatar gama-gari da ɓangaren allurar barci da na kunne hanci da maƙogwaro, ki ci jarrabawar kashi na ɗaya, sannan ta biyu wadda sai kin yi bincike kin rubuta kin kare. Ki sa a ranki shekara 5 zuwa 6 in komai ya tafi daidai, yajin aiki kan iya ƙara miki. A Ingila sai mutum ya haɗa digiri biyu, na likita da na haƙori, mu nan na haƙorin ya isa ki shiga.

Toh maganar kumburi. Abu na farko da za a koya miki shi ne kar ki fara da fuskar ma. Numfashi tukuna. Mutumin da haɓarsa ta karye ta gefe biyu harshensa kan iya zamewa baya ya toshe masa hanya in aka kwantar da shi rigingine, ga guntun haƙori ga gudajin jini. Sai wuya, duk wanda ya bugu har fuska ta karye ki ɗauka wuyansa ma da matsala sai an tabbatar babu, sai kai. Fuska ba kasafai take kashe mutum a daren ba in numfashi na tafiya kuma an tsayar da jini.

In ya natsu sai ki bi tsari ɗaya kullum daga sama zuwa ƙasa da hannu biyu kina gwada dama da hagu, ki bi gefen gurbin ido da yatsa kina neman inda ƙashi ya yi tudu ko ya zame, ki koma bayan kansa ki leƙo fuskar ta sama, nan za ki ga ƙashin kunci ɗaya ya lotsa ko da ta gaba ba ya nunawa. Ido ko ya kumbura ya rufe sai kin buɗe shi a hankali kin tabbatar yana gani, ki sa ya bi yatsanki, in ya kalli sama ya ce yana ganin biyu ki zargi karaya a ƙasan gurbin idon. Ki taɓa kuncinsa da leɓen sama da na ƙasa ki tambaye shi ko yana ji daidai, don jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji ta cikin ƙashin muƙamuƙi take wucewa, in ya ce leɓen kamar ba nasa ba to akwai magana. Ki ɗaga harshe, in kika ga jini ya kwanta a ƙarƙashinsa ya yi baƙi-baƙi kusan kin gama ganewa. Amma tambayar da ta fi duk wani hoto amfani ita ce, Malam cije haƙoranka, yadda ka saba ji haka kake ji? Mutum ya san haɗuwar haƙoransa sosai, ɗan canji kaɗan zai gaya miki.

Kuma in kin ga karaya ɗaya a muƙamuƙi ki nemi ta biyu, kamar awarwaron gilas yake, da wuya ya fashe a waje ɗaya. Wanda ya faɗi a kan haɓarsa ki sa yatsu a gaban kunnuwansa ki ce ya buɗe baki, can gaɓar muƙamuƙin take karyewa.

Na tsakiyar fuska kuwa ki riƙe haƙoran sama ki ɗan motsa su, ɗaya hannun a karan hanci. Sunayen karayar tsakiyar fuskar nan na Le Fort 1, 2, 3 da kuke haddacewa daga wani likitan Faransa ne Rene Le Fort, a 1901 ya wallafa gwajin da ya yi a kan kawunan gawarwaki ya gano layukan da ƙashin ya fi tsagewa. Amma ki sani wanda mota ta buge ba ya zuwa da layi mai tsabta irin na littafi, za ki ga dama iri ɗaya hagu wani iri. Wannan sai da yawan gani, ki riƙa bin na gaba da ke duk sanda aka kira su emajensi, ki fara dubawa ki faɗi abin da kike zargi KAFIN ki kalli hoton, sannan ki gwada.

BabanKhalifa:

Dokta Allah ya saka da alheri, ni ba likita ba ne ɗan kasuwa ne a Kwari amma maganar nan ta taɓa ni. Ƙanena ya faɗi a mashin da daddare, muka kai shi wani asibiti aka ɗinke masa haɓa aka ba shi maganin ciwo aka ce mu tafi gida, ba wanda ya ce masa cije haƙoranka ɗin nan da kake faɗa. Yaro ya yi ta cewa haƙoransa na gaba ba sa haɗuwa, muna ce masa kumburi ne zai saɓe, ko burodi sai ya jiƙa a shayi, har wajen mai ɗori aka kai shi ya matsa ya ɗaure da ƙyalle. Sanda muka dangana da masu aikin fuskar sai suka ce ƙashin ya riga ya haɗe a karkace sai an sake raba shi a tiyata, kuɗin da muka kashe da wahalar da ya sha Allah kaɗai ya sani. Tambayata, in duba ɗin nan ba ya buƙatar na'ura me ya sa ba a koya wa duk likitan da ke karɓar masu hatsari ba?

Dokta_Emajensi:

Baban Khalifa Allah ya ƙara masa lafiya, kuma tambayarka ita ce ainihin maganar. Ni likitan gama-gari ne, a makaranta abin da muka samu kan fuska da muƙamuƙi ɗan kaɗan ne, mun fi sanin cinya da ƙwauri da ciki, alhali mu ne muke fara karɓar mutum da tsakar dare ba ƙwararrun ba, su ƙalilan ne kuma yawancinsu suna manyan asibitoci.

Mutane na ganin tunda aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 abin ya ƙare, ina! Masu mashin na kansu suna nan ba hular kwano, ga adaidaita sahu da in ta ci birki fasinja ya kai fuskarsa ƙarfen gaba, ga faɗan daba, ga samarin da ke faɗowa daga doki a kilisa. Amma wanda ya fi ci min rai yara ne. Yaro ya faɗo daga bene ko bishiya a kan haɓarsa, a ɗinke ɗan yankan a manta da gaɓar gaban kunne, bayan shekaru sai a kawo shi baki ya kafe ba ya buɗuwa ko cokali ba ya shiga, haɓar ta ƙi girma ta koma ciki. Wannan babbar tiyata ce, da an gane tun farko da sau da yawa bibiya da motsa bakin sun wadatar.

Ni shawarata ga manyanmu, horon nan kar ya tsaya a rasidensi kawai, ku sauko asibitocin jiha ku yi mana ko na yini ɗaya ne mu da nas-nas. Sannan ranka ya daɗe Likitan_Muƙamuƙi, ka ce a duba kafin hoto na yarda, amma mu da ba mu da siti sikan (babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) a kusa kuma majinyaci ba shi da kuɗinsa, yaushe ne ya zama dole mu tura cikin gaggawa yaushe ne zai iya jira?

AntiNas_Tarauni:

Yar Gwale 'yata, zancen mace ba za ta iya ba ki bar shi a inda kika ji shi. Na daɗe a ɗakin tiyata na ga mata a wannan aikin, ba ƙarfin damtse yake so ba, natsuwa da haƙuri yake so, sukurun da ake ɗaurawa ma ƙanana ne ƙwarai sai an riƙe su da kyau. Wahalar kwanan asibiti gaskiya ce, wannan ki zauna da iyayenki da wanda zai aure ki ku fahimci juna tun yanzu.

Abin da zan ƙara, ki koyi ɗaurin waya da kyau kar ki raina shi. Yawancin mutanenmu ba su da kuɗin faranti da sukuru na titaniyam, wato ƙananan ƙarafan da ake ɗaure ƙashin da su, sai dai a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya sati 4 zuwa 6. Ki tuna mutumin nan ba tuwo ba nama, koko ne da kunun gyaɗa da fura mai ruwa-ruwa da romo yana zuƙa ta gefen turame, zai rame, in ba ki zauna kin yi wa mai jinyarsa bayani ba za su je gida su kwance. A nuna musu yadda za a yanke wayar in amai ya taso, da wanke baki bayan kowane abinci. Kuma ki yi rigakafin ciwon hanta tun yanzu ki riƙa ninka safar hannu, wayar nan tana soke yatsa ba kaɗan ba.

YarGwale:

Na gode sosai Anti, na gode Dokta. Toh shi aikin faranti ɗin a ina ake koyonsa in majinyata ba sa iya saye?

Likitan_Muƙamuƙi:

Ana yi ƙanwata, sai dai bai kai yadda muke so ba, shi ya sa duk wanda aka samu za ki ga 'yan rasidensi sun cika ɗakin. Akwai kuma kwasa-kwasan gidauniyar AO, wadda likitoci suka kafa a Suwizalan a 1958, a nan ake ba ki ƙoƙon kai na roba da aka karya ki huda ki lanƙwasa faranti ki ɗaura da hannunki har ki saba, a koya miki layukan da Champy na Faransa ya nuna ana ɗora ƙananan faranti a muƙamuƙi don kar ki huda saiwar haƙori ko jijiya. In kin samu dama ki je. Amma Anti ta faɗi gaskiya, ko farantin za ki sa sai kin fara haɗa haƙoran daidai kin riƙe su sannan ki ɗaure ƙashin, wanda bai iya waya ba, shi ne zai ɗaure mutum a karkace da ƙarfe mai tsada.

Baban Khalifa ka yi haƙuri, abin da ya samu ƙanenka bai kamata ya faru ba, kuma ɗori irin na gargajiya ba ya mayar da haɗuwar haƙora.

Dokta_Emajensi abokina, na karɓi shawararka zan kai ta gaba. Waɗanda ba sa jira su ne, duk wanda numfashinsa ke wahala ko jini ya ƙi tsayawa. Sai ido da ya turo waje ya yi tauri yana ciwo gani na raguwa, jini ne ya taru a bayansa kuma cikin awa ɗaya zuwa biyu idon zai iya tafiya, wannan ma ya kamata a koya muku yanka gefen idon da kanku don kafin a iso wajenmu lokaci ya wuce. Sai yaron da aka buga a ido, idon fari tas ba kumburi sosai amma ba ya iya kallon sama yana ta amai, tsokar ce ta maƙale a tsagar ƙashi, a turo shi a ranar. Ku riƙa leƙa cikin hanci kuma, in jini ya taru a bangon tsakiya ya kumbura a zuƙe shi, in aka bari guringuntsin zai mutu hancin ya lotsa. Ruwa garai-garai da ke ɗiga ta hanci ko kunne shi ma a turo, kar a cusa komai a hancin.

Sauran, karayar muƙamuƙi ko ƙashin kunci da mutum ke numfashi lafiya yana gani lafiya, ba sai an tayar da mota da tsakar dare ba. Ku ba shi maganin ciwo, da na kashe ƙwayoyin cuta in karayar ta bi ta cikin haƙora, ku duba rigakafin tetanus, wato ciwon sandarewar jiki, abinci mai ruwa, na kunci da ido ku ce kar ya fyace hanci, ku rubuto takarda da abin da kuka gani. Na muƙamuƙi ya zo washegari, na kunci da hanci cikin satin farko, don in aka haura sati biyu ƙashin ya fara kamawa, na yara ma ya fi sauri. Hoton eksire na gaba da na gefe biyu ya isa a fara da shi a muƙamuƙi, sikan ɗin ku bar mana mu yanke ko ana buƙata don kar talaka ya biya sau biyu.