Bin Kogin Kwara da mota daga Yauri zuwa Lakwaja: shawarwarin 'yan zaure

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Mutum huɗu ne za su tashi daga Sakkwato a Corolla, suna da mako guda, suna so su ga garuruwan bakin Kwara har Lakwaja. Wace hanya za a bi, ina za a kwana, kuma wane wata ya fi dacewa?

Direban Jega: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara cire wa ranka cewa akwai titin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruwan. Babu shi. Kwalta tana nesa da kogin a mafi yawan tafiyar, wurare ƙalilan ne kawai suke haɗuwa: Yauri, Kainji, Jebba, gadar Jamata kusa da Koton Ƙarfe, sai Lakwaja. Saboda haka a kan waɗannan za ka ɗora lissafinka. Daga Sakkwato ka bi Jega, Koko, ka sauka Yelwan Yauri, kusan kilomita 300. Kwana na farko ke nan. Washegari Kontagora, kilomita 110 ko sama kaɗan, ka gangara Mokwa. Daga Mokwa akwai titin da ya ratsa Zugurma ya kai ka Kainji da Sabuwar Busa, sannan ka dawo Mokwa ka leƙa Jebba, wadda ba ta fi kilomita 40 ba. Daga nan ka juyo gabas: Kutigi, Bida, Agaie, Lapai, Lambata, ka faɗa babban titin Abuja, ka bi Abaji zuwa Lakwaja. Kar ka auna tafiyar da kilomita, ka auna da awa. Tsakanin Mokwa da Bida da Lambata tirela da tankar mai ne suka mamaye hanyar, guda ɗaya ta faɗi a rami sai a wuni a wurin. Ka tashi da an sallame Asuba, la'asar ta same ka a masauki.

Ɗan Sarkawa: Maganar wata kuwa, Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Kwara sau biyu take kawo ruwa a shekara. Na farko farin ruwa, wato na daminarmu, mai laka, daga Agusta zuwa Oktoba. Shi ne mai cin gari da gona. Na biyu baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya daɗe yana shimfiɗe a fadamun Mali har ya tace, sai ya iso mana daga Disamba zuwa Fabrairu. A Nuwamba kogi a cike yake, ƙasa ta sha iska, hazo bai yi kauri ba. In ka bari sai Afrilu, yashi za ka yi ta kallo a Lakwaja ga zafi.

Direban Jega: Haka ne. Satumba da Oktoba dai a haƙura. A 2012 da 2022 ruwa ya hau kan titin Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Mokwa ma ambaliyar ƙarshen Mayun 2025 ta ci rayuka sama da 150, tun damina ba ta zauna ba.

Bakanike: Oga, kafin a zo maganar gari, a duba motar. Ƙafar mota ce ke fara mutuwa a wannan hanya: shokozoba, boljoyin, tayarod da bushin. A ɗaga ta a girgiza taya da hannu biyu, in ta yi wasa a canza tun a gida. Taya kuma kar ka duba zanenta kaɗai. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, misali 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Wadda ta haura shekara biyar ko shida tana iya fashewa a zafin kwalta ko da zanenta bai ci ba. Safaya biyu ake so, don rami ɗaya kan fasa ta gaba da ta baya a gefe guda. Iska a sa abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a auna da safe taya na sanyi. Kar a rage iska wai don rami, taya mai laushi ce ke lanƙwasa rim. A saka a but: fambel, filogi saiti guda, fiyus, baƙin mai lita ɗaya, man birki, ruwan lagireto lita biyar, jak mai kyau da guntun katako da za a ɗora shi a kai in ƙasa ta yi laushi, igiyar ja, da tocila.

Sai ruwa a kan titi. In ya wuce rabin taya, kar a shiga da ƙaramar mota. Bututun da inji ke shaƙar iska a ƙasa yake, ya zuƙi ruwa, fistin ya danna shi, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai kwanrod ya lanƙwashe. In mota ta mutu cikin ruwa, kar a sake murza ki. A tura ta waje, a buɗe gidan matatar iska, in da ruwa a cire filogi duka a juya injin ya fesar da shi. A duba baƙin mai a sanda, in ya koma fari-fari a juye shi kafin a tashe ta.

Hajiya mai banda: Sannunku da ƙoƙari. Malam, Yauri ba wurin kwana ɗaya a wuce ba ne, ku ba ta safiya guda cikakkiya. Ku je bakin ruwa da ƙarfe bakwai lokacin da jirage ke shigowa da kamun dare. Giwan ruwa, yauni, ragon ruwa, kurungu, tarwaɗa, ƙarfasa, duk za ku gani da ransu. Albasar tsibiran Gungawa ma ta nan take fitowa. Amma kada ku sayi banda a ranar farko ku yi ta yawo da ita mako guda a but. Ku saya a hanyar dawowa. Banda mai kyau ba ta da nauyi, ka ƙwanƙwasa ta ji ƙarar bushewa, ka karya wuya ka ga ciki babu danshi babu gari. Garin nan alamar ƙwaro ya shiga. A shinshina kuma: hayaƙin itace kaɗai ya kamata a ji. In akwai warin magani a bar ta, don wasu marasa tsoron Allah na fesa fiya-fiya don korar ƙwari. A zuba a kwali da takarda a ƙasa, ban da leda, leda na sa ta zufa ta yi fumfuna cikin kwana biyu. Da an isa gida a shanya ko a ɗan gasa.

Ɗan Sarkawa: Hajiya ta yi gaskiya. Tunda an zo bakin ruwa, ga abin da ya fi damuna, don kowa ya je sai ya ce zai shiga jirgi. Haɗarin Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a Mayun 2021, da na Pategi a Yunin 2023 da ya ci mutum sama da 100 'yan dawowa daga biki, duk abu ɗaya ne ke maimaita kansa: lodi fiye da kima, tsohon katako, babu rigar ruwa, wani lokaci ga tafiyar dare. Tafkin Kainji yana da nasa haɗarin. Daji ne aka cika da ruwa, kututturan itatuwa na nan a ƙasa, ruwa ya ja baya kaɗan sai su tsaya dab da sama ba a ganinsu. Iska kuma da rana take tashi, ta tayar da igiyar ruwa kamar a teku. Don haka ku ɗauki shatar jirgi ku huɗu, kar ku bi na ranar kasuwa mai babura da buhuna. Ku shiga da safe, ku fito kafin azahar. Ku duba tazarar bakin jirgi da ruwa, in ba ta kai kamu biyu ba ku sauka. Ku duba ƙasan jirgin, in yaro na ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, ya isa shaida. Rigar ruwa ku sayi taku tun daga birni, kowa ya ɗaure tasa har igiyar ƙasa. Hukumar hanyoyin ruwa ta hana tafiya daga shida na yamma zuwa shida na safe, ku riƙe wannan ko da mai jirgi ya ce ya san hanya. Akwai dorina a yankin Yauri, in matuƙi ya ce a kauce wa wani lungu, kar a matsa masa don hoto.

Malamin makaranta: Kainji ta cancanci kwana guda. An fara ginin madatsar a 1964, aka gama a 1968, injuna takwas, megawat 760. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan mai binciken kogin, Mungo Park, ya mutu a 1806, tana ƙarƙashin tafkin, kuma sama da mutum 40,000 aka tasa daga garuruwansu, shi ya sa aka gina Sabuwar Busa. Titi ta kan madatsar yake bi, akwai jami'an tsaro, ba a tsayawa ɗaukar hoto sai da izini. Shiga ganin injuna sai an rubuta takarda tun kafin a zo. A garin akwai fadar Sarkin Borgu da cibiyar binciken kifi ta ƙasa.

Jebba kuwa awa uku sun isa. Gadar ta ratsa tsibiri ne, arewa jihar Neja, kudu jihar Kwara. Layin dogo daga Legas ya iso nan a 1909. Za ka hangi dutsen Juju a tsakiyar ruwa, inda jirgin ruwan Turawa mai suna Dayspring ya farfashe a 1857, da hasumiyar tunawa da Mungo Park. A nan Gwamna Lugga ya zauna da gwamnatinsa kafin ya koma Zungeru a 1902.

Mai tambaya: Gandun dajin Kainji fa, Malam? Yara na son ganin namun daji.

Direban Jega: A'a. Shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a dajin, musamman ɓangaren Borgu. Haka ratsen Ibeto, Salka, Auna da ake cewa ya fi kusa zuwa Kainji daga Kontagora, kar a bi shi don taswirar waya ta nuna. Kowace safiya ku je tasha ku tambayi direbobin haya da suka shigo a ranar, labarin jiya ba ya aiki. In sun ce hanya ba kyau, ku ƙara kwana. Ku bi ayarin motoci, in kun ga daga gaba an daina zuwa na minti goma, ku tsaya a garin da kuke. Mai kuma ku cika tanki a Yauri, Kontagora, Mokwa da Bida, kar ya sauka ƙasa da rabi. Na bumburutu sau da yawa da ruwa ko kalanzir a ciki, shi ke kashe famfon mai. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, sabis na ɗaukewa, na'urar cire kuɗi ba ta aiki. Takardu na asali: lasisi, inshora, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, izinin gilashi mai duhu in akwai, da abin kashe gobara wanda bai ƙare aiki ba.

Malamar asibiti: Kada yara su yi wanka a gefen tafki ko inda ruwa ke kwance da ciyayi. Tsargiya ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Gidan sauro ku tafi da naku, da gishirin zawo ƙulli goma. Zazzaɓi ya kama wani a hanya ko bayan dawowa, a yi gwaji kafin a sha magani.

Malamin makaranta: Ni da zan ƙara, a tsaya Bida a ga maƙeran tagulla da masu tsakiyar gilashi na unguwar Masaga, sannan daga Agaie a ratsa Baro. Daga can aka ja layin dogon da ya isa Kano a 1911, ga tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2019.

Bakanike: Bida na yarda, Malam, amma Baro da Corolla mai mutum huɗu da kaya, sai an tabbatar da halin titin a tashar Agaie. Sama da kilomita 50 ne shiga, haka fitowa, kuma salansa da kaskon mai ne ke biyan kuɗin. In ana so dole, a ajiye motar a Agaie a hau ta haya.

Ɗan Gaya: Ranka ya daɗe, ba wanda ya ambaci sama. Wanda ke da ƙarin kwana uku zai iya farawa ta Kamba ya shigo Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ga kogi ga Malanbil ta Benin a tsallake. Gaya zuwa Doso kilomita 150, Doso zuwa Yamai 140. Sai dai gadar Malanbil an rufe ta bayan juyin mulkin 2023, kuma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka a tambayi kwastan na Kamba takardun mota da suke karɓa yanzu. Katin rigakafin shawara dole ne, a canza sefa tun a Kamba.

Direban Jega: A mako guda ba zai yiwu a haɗa ba, wannan tafiya ce daban. Lakwaja kanta kwana biyu take so.

Malamin makaranta: Ƙwarai. A hau dutsen Patti da safe, daga can ake ganin inda Binuwai ta haɗu da Kwara, kowane ruwa da launinsa kafin su gauraye. Titin hawan yana da gangara da kwana, a sauko da giya ta ɗaya ko ta biyu, kar a dogara da birki. A garin ne aka kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, akwai makarantar Holy Trinity ta 1865, da gidajen zamanin Lugga. Abin da bai kamata ɗan Arewa ya wuce ba shi ne ƙaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kai can: Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926, da sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu ɗan Sidi. Ba a wuri ɗaya suke ba, wasu cikin gidajen mutane suke a tsohon gari wajen unguwar Kabawa. A fara zuwa fadar Maigari, wato sarkin Lakwaja, a yi gaisuwa a nemi ɗan rakiya, a yi sallama kafin a shiga, a yi musu addu'a.

Hajiya mai banda: Dawowa in ta Abuja da Kaduna za ku bi, ba za ku sake ganin Yauri ba. To ku sayi bandarku a Lakwaja ranar tashi, ku zaɓi ta tarwaɗa da aka naɗe, ta fi jure hanya. A ɗora kwalin a saman kaya, nesa da jarkar mai.