Sheffield: in tafi da yaran ko in bar su wajen Hajiya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu aikin jinya a wani asibiti a garin Sheffield na ƙasar Ingila, takardu sun fito, saura tafiya. Yarana biyu, Ilham 'yar shekara 9, ƙaninta 6. Maigida ya ce mu tafi gaba ɗaya, Hajiyata ta ce a bar mata su a Kaduna har su gama firamare. Ina son jin ta bakin waɗanda suka yi ƙuruciya a can ko a gari irinsa, ba Landan ba. Yaya yaro yake tashi a wurin? Kuma nawa ake kama gida mai ɗaki biyu?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Ai tun Maris 2024 aka hana masu kula da tsofaffi tafiya da iyali. Ki bincika kafin ki yi asarar kuɗi.

Maman Ilham: Ni nas ce Malam, dokar ba ta hau kaina ba.

Hafsy: Ƙanwata tana Landan, fam 1,800 take biya duk wata, kuma gidan ba wani gida ba.

Ɗan Pitsmoor: Ta ce ba Landan ba, Hafsy. Hajiya, ni a can na yi wayo. Babanmu ya je karatu a 1981, ina ɗan shekara 5, muka dawo Zariya ina sakandare. A Pitsmoor muka zauna, gidajen jan bulo manne da juna, maƙwabci ya yi tari kana ji. Banɗakinmu a bayan tsakar gida yake, da sanyi sai ka yi ta maza kafin ka fita. Wuta kuma ta mita ce mai cin tsabar kwabo 50. Umma na tara su a gwangwanin madara, in wuta ta ɗauke muna cikin cin tuwon semo, ni ake turawa in laluba a ƙarƙashin bene. Da dare daga wajen Attercliffe kana jin dukan gudumar masana'antun ƙarfe har cikin barci. Kafin mu dawo yawancinsu sun yi shiru, iyayen 'yan ajinmu sun koma zaman gida. Lokacin yajin aikin masu haƙar kwal a 1984 na ga mata da bokiti a bakin kasuwa suna tara wa iyalansu taimako, Babanmu ma ya jefa. Bas kuwa kwabo 2 yaro ke biya har 1986, mu hau bene mu zagaye gari ba inda za mu. Sallar Juma'a tare da Yamalawa muke yi, waɗanda suka zo aikin ƙarfe tun kafin a haife ni. Talakawa ne mutanen garin, kuma sun san darajar maƙwabci. Wata tsohuwa Baturiya a jikin gidanmu ita ta koya wa Umma yadda ake sa wa yaro kaya hawa-hawa. Ki tafi da 'ya'yanki.

Sarkin Yaƙin Fagge: Bas kwabo 2? Don Allah a turo mana ko guda ɗaya ya riƙa yin Bata zuwa Kabuga.

Anti Bilki: Ɗan Pitsmoor, kai an dawo da kai gida kafin abin ya kai maka wuya, shi ya sa kake tuna bas. Mu da aka bari a can fa? Namu uban da ya gama karatu bai dawo ba, ya shiga aikin dare a wani kamfani. Da aka buɗe katafariyar kasuwar zamani ta Meadowhall a 1990, a kan filin tsohuwar masana'antar ƙarfe, Mama ta samu shara a wajen, tana fita kafin asuba. Ni ce uwa a gida ina 'yar shekara 11. A makaranta ni kaɗai ce mai ɗankwali a ajinmu, an fizge shi ya fi a ƙirga, an tofa mini yawu a tashar bas. Na kai ƙara, malamar ta ce in daina ɗaukar komai da zafi. Ban gaya wa Mama ba, don in ta dawo ko zama ba ta iya yi.

Anti Bilki: Ni dai na tsira da Hausata don ina kicin da Mama. Ƙanina bai tsira ba. Titi ya rene shi. Ranar da muka kai shi Katsina, kakarmu ta riƙe hannunsa tana ta yi masa magana tana kuka, shi yana kallona in fassara. Har ta rasu ba su taɓa hira su biyu ba. Yau shekarunsa sun haura 40, ko gaisuwar ta'aziyya bai iya ba.

Ummu Hanif: Allah sarki Anti. Allah ya ji ƙan Kaka.

Anti Bilki: Amin. Kuma ba a gaya muku duhun hunturu. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Yaro ya fita da duhu, ya dawo da duhu, uwa tana asibiti aikin dare. Wa zai tambaye shi ko ya yi Magariba?

Injiniya S5: Da girmamawa Anti, Sheffield ta 1990 ba ita ce ta yau ba. Nan nake da iyalina. Masallatai sun yi yawa, akwai Islamiyya da yamma, naman halal ko'ina a Burngreave da Darnall, 'yan Najeriya kuma ba iyaka. Maman Ilham, ni fam 700 nake biya a Firth Park, ɗaki biyu.

Ummu Hanif: 700? Yaushe ka kama? Mu 950 aka ce mana bara, ban da harajin kansul da gas.

Abu Sadiq: Wani abokina 550 yake biya.

Injiniya S5: Je ka duba bangon gidan abokin naka. In babu danshi da hunhuna, ni zan biya masa wata ɗaya.

Anti Bilki: Injiniya, yaushe ka zo? Da gemunka ka sauka daga jirgi. Tambayarta yadda yaro yake tashi, kai ba ka taɓa zama yaro a nan ba.

Injiniya S5: Amma ni nake da yara a makarantar yanzu.

Ɗan Pitsmoor: Ba garin ne ya cinye ƙaninki ba, Anti, rashin kowa a gida ne. Ita da mijinta za ta tafi.

Anti Bilki: Mijin zama zai yi? Da albashin nas ɗaya za su biya haya da hita?

Sarkin Yaƙin Fagge: Ni dai roƙona, kada a bar yaron ya goyi bayan ƙungiyoyin ƙwallon garin, Sheffield United ko Sheffield Wednesday. Duk biyun hawan jini ne.

Malama Zinariya: Ku da kuke cewa a bar yara a gida, kun san abin da ke biyo baya? Na bar nawa biyu wajen mahaifiyata a Gusau. Duk wata ina turo kuɗin makaranta ta hannun yayana. Sai da na je hutu na tarar an mayar da su wata makaranta mai araha, shi kuma ya sa sabon rufi a gidansa. Da na yi magana aka ce na je Turai na koyo rashin kunya.

Hafsy: Wallahi haka aka yi wa ƙanwata da kuɗin fili.

Abu Sadiq: Ai duk wanda ke waje, a ganinsu fam a titi yake tsinta.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Amma Injiniya, Islamiyyar nan kullum ce ko ƙarshen mako? Kuma suna karɓar ɗan shekara 6?

Malama Zinariya: Hafsy, ita ƙanwar taki ta karɓo takardun filin kuwa? Ni har yau yayan nawa ko waya ba ya ɗauka, kuma Hajiya ta hana a kai maganar gaban kawu.