Me za mu kira "fulash-kata" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa masu gyaran waya da rediyo. Jiya a shago na ce wa yarona ya miƙo mini fulash-kata, sai ya kawo babbar filaya irin ta masu wayarin gida. Ban ga laifinsa ba, mu ne ba mu raɗa mata suna ba. Daga kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano har Sabon Gari, kowa "kata" yake cewa, babba da ƙarama duk sunan ɗaya.

Ga wadda nake nufi: 'yar ƙaramar filayar yankan nan mai sifirin a tsakanin hannuwa, wadda bayan bakinta shafe yake sumul. Idan ka gama liƙa rezista ko kafasita (ƙananan kayan cikin rediyo masu ƙafafun waya) da dalma, ita kake kwantarwa a jikin fanel, wato allon da ake liƙa su a kai, ka datse ƙafar da ta yi saura, ba ta barin tsini.

Wasu sun ce almakashi. Ban yarda ba. Bakin almakashi wuce juna yake yi, nata kuwa haɗuwa yake baki da baki, ya cije. Awartaki na maƙera ne, aikinsa kama ƙarfe mai zafi. Hantsaki da matsefata su ma kamu suke yi, ba yanka ba. Wani dattijo ya kawo "madatsa", kalma ce mai kyau, amma kunne ya riga ya saba da madatsar ruwa.

Ni abin da ya kwanta mini shi ne "filayar aski". Babbar mai barin tsini a bar ta da "filayar datsa". Ƙaramar kuwa ƙwal-kwabo take yi wa fanel, kamar yadda wanzami ke bin kai da aska.

Dalilin da ya fi ja na zuwa ga sunan shi ne yana koya wa yaro kula da ita. Ba wanda ke sare itace da askar wanzami. Bakinta siriri ne, don jan ƙarfe mai laushi aka yi shi. Irin su samfurin CHP-170 na kamfanin Hakko iyakarsu waya mai kaurin milimita 1.3. Tawa ta farko ƙusa guda ɗaya ta kashe ta, har yau giɓin yana nan, waya sai ta zame ta wurin ba ta yanku ba. Wasu ƙafafun ma ƙarfe ne aka yi wa rufin dalma, shi ya sa nake kara musu mayen ƙarfe kafin in yanka. Wanda ya manne, sai filayar datsa.

In za ka saya, rufe bakin ka ɗaga shi wajen haske. Muddin haske ya ratso tsakani, ajiye ta, ko da sunan babban kamfani irin Knipex aka rubuta a jiki. Ɗigon man keken ɗinki a mahaɗinta ya isa ya kare ta daga tsatsar damina.

'Yan uwanmu na Maradi da Damagaram, ku da kuka saba da sunayen Faransanci, yaya kuke kiranta a can?