Ina ake samun zaman taimakon juna na masu son barin giya?

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum. Tambaya ce a kan mutumin da ya yi shekaru yana shan giya kullum, yanzu da bakinsa ya ce ya gaji. A Kaduna yake. An ce akwai zaman da masu wannan matsala ke yi a tsakaninsu. Ina ake samunsu, nawa ake biya, kuma asirin mutum ba ya tonuwa?

Baban Nana:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a kai ga zama, tunda kin ce kullum yake sha, kada ya yanke lokaci guda a gida. Jikin da ya saba da giya kan yi bore idan aka janye ta. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe sai rawar hannu, gumi, amai da rashin barci. Cikin kwana biyun farko yana iya faɗuwa yana jijjiga. Wajen kwana na uku wasu kan ruɗe, jiki ya yi zafi, su riƙa ganin ƙwari na bin bango. A nan ne 'yan gida ke cewa iskokai ne a ɗauko hayaƙi, alhali abin na kisa.

A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Likita zai ɗora shi kan magani irin diazepam, yana ragewa a hankali cikin 'yan kwanaki, da sinadarin thiamine don kare ƙwaƙwalwa. Ba na saye a kemis ba ne. Kafin sallama ku tambayi nas ko ma'aikacin jin daɗin marasa lafiya ko suna da zaman rukuni, da inda suke tura waɗanda aka sallama. Su suka fi kowa sanin zaman da ke raye a gari. Na Sakkwato su nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, na Kano na Dawanau.

Malam Garkuwa:
Wanda kika ji labari mai yiwuwa Alcoholics Anonymous ne, AA a taƙaice. A 1935 Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara shi a Akron ta Amurka. Ba kuɗin rajista, sharaɗin shiga ɗaya ne: son daina sha. Zama kan ɗauki kamar awa guda. A karanta wani abu daga matakansu 12 na barin giya, kowa ya yi magana 'yan mintoci, ba mai katse wani ko yi masa wa'azi. Sabon zuwa yana iya yin shiru har a tashi. Sunan farko kawai ake faɗa.

A jadawali za ki ga an rubuta open ko closed. Na farko kowa na iya zuwa, har ɗan rakiya. Na biyun na masu matsalar ne kaɗai, shi ya fi dacewa da mai jin kunya.

A Arewa zaman ido-da-ido ya yi ƙaranci, kuma adireshin intanet kan tsufa, don haka a tabbatar ta waya kafin a hau Keke Napep. Kafin nan ya shiga na Zoom ta shafin aa-intergroup.org, kusan kowace awa akwai zama. Ya rufe kyamara, data ma ta fi auki. Na Landan ya fi sauƙi, bambancinmu bai wuce awa ɗaya ba. Zaman daren New York kuwa tsakar darenmu ne. Yawanci da Turanci ake yi. Ya gwada zama biyar ko shida kafin ya ce bai dace da shi ba, sannan ya nemi wanda ya daɗe da bari, namiji ɗan'uwansa, ya zama jagoran da zai kira idan sha'awa ta taso.

Yar Zazzau:
Malam, ka tsallake abin da ke korar mutanenmu: tsoron ko wa'azin wani addini ne. AA ba ta ƙarƙashin coci, sai dai wasu zaman a harabar coci ake yi, wasu kuma da addu'ar Kirista suke rufewa. Wanda hakan ya dame shi akwai Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989 kan matakai 12 bisa tsarin Musulunci. Akwai kuma SMART Recovery, ita ba ruwanta da addini, dabarun danne sha'awa take koyarwa. Ke kuma Hajiya, Al-Anon ta iyalan mashaya ce.

Duk inda aka ce a kawo kuɗi mai yawa a kulle shi wata uku ba likita, ku guje shi. A 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa.

Ummu Khalil:
Allah ya saka da alheri. To idan ya koma sha fa?

Malam Garkuwa:
Ya koma wurin zaman washegari, ba a korar kowa kan wannan. Idan ya jera kwanaki yana sha, asibiti tukuna. Ya tambayi likita batun naltrexone, yana rage sha'awar, amma sai an duba hanta, kuma ba a haɗa shi da tramadol ko kodin.