Ina kamfanin Hanna-Barbera ya shiga?

Mai Son Katun:
Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake ganin sunan Hanna-Barbera a ƙarshen finafinan katun, har na ɗauka sunan wata mata ce. Yanzu kuwa ba na ganinsa a sababbin shirye-shiryen yara. Shin karyewa kamfanin ya yi? Kuma da gaske su ne suka yi Tom and Jerry?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam. Ai maza biyu ne 'yan Amurka, William Hanna da Joseph Barbera, kuma lalle su suka ƙirƙiro kyanwa da ɓeran nan a 1940, sai dai a lokacin ma'aikatan kamfanin finafinai na MGM ne. Da MGM ya rufe sashensa na katun a 1957, sai suka kafa nasu kamfanin, suka koma yi wa talabijin aiki.

Ba karyewa ya yi ba, hannu ya yi ta sauyawa. Kamfanin rediyo da talabijin na Taft ya saye shi a 1966 kan dala miliyan 12, sannan a 1991 ya faɗa hannun Ted Turner, attajiri mai tashoshin talabijin, wanda ya buɗe tashar Cartoon Network a 1992 da tarin tsofaffin shirye-shiryensu. A 2001, shekarar da Hanna ya rasu, aka narkar da shi cikin sashen katun na Warner Bros.

Mai Zane:
Malam ya yi bayani, amma ya tsallake abin da ya ɗaga su. Kuɗin da talabijin ke biya bai kama ƙafar na silima ba, saboda haka suka rage yawan zanen da ake yi wa kowace daƙiƙa. Ɗan'uwa, ka ƙura wa Yogi Bear, wani beyar da ke cikin katun ɗinsu, ido: kwalar da ke wuyansa ba don ado aka sa ta ba, ita ce iyakar da ta raba kai da gangar jiki, ta yadda za a bar jikin tsaye a riƙa sake zana kan kaɗai. Haka kuma in ana gudu cikin ɗaki, za ka ga taga ɗaya da kujera ɗaya suna ta maimaituwa a baya. A ganina ingancin zanen ya faɗi ƙwarai, ko da yake da wannan dabarar ce suka iya fitar da The Flintstones a 1960 da Scooby-Doo a 1969.

Mai Son Katun:
Na gode muku. Tagar nan mai maimaituwa na sha ganinta, ashe tsimin kuɗi ne.